Keken Ɗinki a Birikiteri da Mokolo: Daga Ina Ya Zo, Wanne Za a Kai Gida?

 

Da kwamitin mujallar bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu ya ce in rubuta tarihin ɗaya daga cikin kayan da muke fatauci, na san wasu za su zaci goro zan ɗauka, ko atamfa, ko shanu. Sai na ɗauki keken ɗinki. Da wuya a sami ɗayanmu da bai taɓa ɗauko shi daga wani gari zuwa wani ba, ko dai na sayarwa, ko saƙon wata 'yar'uwa, ko na kayan ɗakin ɗiya. Amma kaɗan ne a cikinmu suka san asalinsa, kuma saboda rashin sanin nan ake yawan sayar mana da abin da ba ya kai shekara, mu ma mu sayar wa wasu. Wanda ya san yadda aka yi keken ɗinki ya iso Mokolo, zai fi gane wanda ya dace ya kai gidansa.

Kafin keke, allura ce

A shekarar 1851 wani Bajamushe matafiyi mai suna Heinrich Barth, wanda ya riƙa kiran kansa Abdulkarim, ya shiga Kano, daga baya a cikin shekarar ya kai har Yola. Abin da ya fi ba shi mamaki a Kano shi ne tufafi: saƙa, rini da ɗinki, da yadda ake kai su har Timbuktu da ƙasashen Sahara. Duk rigar da ya gani, da hannu aka ɗinka ta. Saƙi ƙyalle-ƙyalle ne siriri, sai maɗinki ya zauna ya haɗa su ɗaya bayan ɗaya kafin a sami faɗin da za a yanka riga, sannan mai aikin zare ya karɓa ya yi wata da watanni yana fitar da aska biyu ko aska takwas. Allurar kanta haja ce mai daraja a lokacin. Daga Turai ake kawo ta, ta ƙetare Sahara a bayan raƙumi, har Barth ɗin ma da allurai ya riƙa yin kyauta yana sayen abinci a ƙauyuka.

Irin wannan sana'a ce kakanninmu suka ɗauko suka gangaro da ita Adamawa, suka zauna a Garwa, Gaundare, Banyo da Tibati. Bafatake yana tafe da turmin zane da baƙi da rigunan Kano, a cikin ayarinsa kuma ba a rasa mahauci, da wanzami, da malami, da maɗinki.

Waɗanda suka ƙera shi

A wannan shekara ta 1851 da Barth yake yawo a kasuwar Kurmi, a can Amurka wani mai suna Isaac Singer ya karɓi takardar mallakar fasahar kekensa. Ba shi ne na farko ba. Tun a 1830 wani tela Bafaranshe, Barthélemy Thimonnier, ya ƙera keke mai zare ɗaya, har ya buɗe shago a Paris da kekuna 80 yana ɗinka wa sojoji kaki. A 1831 teloli masu ɗinkin hannu suka far wa shagon suka farfasa kekunan, don tsoron kada abincinsu ya ƙare. Mutumin ya mutu a 1857 cikin talauci.

Wanda ya fito da dabarar da ake aiki da ita har yau a fili shi ne Elias Howe, Ba'amurke, a 1846. Dabarar ita ce a mai da kafar allura kusa da tsininta maimakon gindinta, a kuma yi aiki da zare biyu. Allura ta huda yadi ta kai zaren sama ƙasa, ƙoshiyar da ke ƙarƙashi ta kama shi ta sarƙe shi da zaren kwarkwaro, allura ta koma sama ta ja ƙullin ya ɓoye a tsakiyar yadin. Yawancin kekunan da ke Birikiteri yau, na ƙafa ne ko na lantarki, wannan aikin suke yi. Singer ya ɗauki dabarar ya gyara mata zama: allura mai sauka a tsaye, shimfiɗaɗɗen wurin ajiye yadi, da takalmin da ke danne shi. Howe ya kai shi kotu ya yi nasara a 1854, dole Singer ya riƙa biyan sa.

A wurin sayarwa ne Singer ya fi kowa, kuma nan ne darasinmu mu 'yan kasuwa. Keke ɗaya a lokacin ya haura dalar Amurka 100, kuɗin da talaka ba ya iya tarawa. Sai abokin kasuwancinsa, Edward Clark, ya fito da tsarin biya kaɗan-kaɗan a 1856: ka ba da kafin alƙalami, ka tafi da keke, ka riƙa cikawa duk wata. Suka baza wakilai gari-gari, kowane wakili yana koya wa mai saye ɗinki, yana riƙe da allura da mai da kayan gyara. A 1867 suka buɗe masana'anta a Glasgow ta ƙasar Sikotilan, daga baya suka gina wata babba a Kilbowie, cikin garin Clydebank, wadda ta ƙera kekuna wajen miliyan 36 daga tsakiyar shekarun 1880 zuwa 1943. Yawancin tsofaffin Singer da suka shigo Nijeriya da Kamaru daga can suke. Idan ka ga lambar keke da harafin K a bayanta, kamar 15K ko 99K, to ɗan Kilbowie ne. An rufe masana'antar a 1980.

Samfurin da ya fi shafar mu shi ne mai lamba 15, wanda asalinsa ya fito a 1879. Ku riƙe wannan lamba, za mu dawo kanta.

Yadda ya iso Birikiteri

Jamusawa sun kafa sansaninsu a Yawunde a 1889. Ba a daɗe ba fatake Hausawa suka fara isowa ta hanyar Tibati da Yoko, suna ƙetare kogin Sanaga, suna neman hauren giwa da danƙo da goro. Sunan unguwarmu ya samo asali daga wurin yin bulo na ƙonannen yumɓu da Jamusawa suka kafa a nan, a ƙasar da 'yan gari Ewondo ke kira Ekudu. Jamusawa sun fice a farkon 1916, Faransawa suka mai da Yawunde babban birni a 1921, jirgin ƙasa daga Duwala ya iso a 1927. A zamanin Faransa ne aka matso da unguwar Hausawa daga tsakiyar gari zuwa inda muke yanzu.

Ta hanya biyu keken ɗinki ya same mu. Ta farko daga teku: jirgin ruwa ya sauke a Duwala, jirgin ƙasa ya hau da shi, kantunan Turawa su sayar, makarantun mishan kuma su koya wa 'yan mata aiki da shi. Ta biyu daga Nijeriya, inda layin dogo ya kai Kano tun 1911, jiragen ruwa kuma suna hawa kogin Binuwai da damina har Garwa. Harshenmu ma ya nuna wace hanya ta fi tasiri. Muna zaune a ƙasar da ake Faransanci, amma “tela” muke cewa, kalmar da ta fito daga Ingilishi, “keke” kuma daga Yarabanci muka aro ta. Da sunansa ya zo mana daga wajen 'yan'uwanmu na yamma.

Keke bai kashe ɗinkin hannu nan da nan ba. Ya fara da karɓe haɗi da kalmasa, ya bar wa masu allura aikin wuya da na aljihu. Daga baya kekunan surfani suka shigo, irin Cornely na Faransa mai sarrafawa ta ƙarƙashin tebur da kuma Singer 20U, sai aikin da ke cin wata uku ya koma na kwana biyu. Yanzu ga na kwamfuta masu kawuna da yawa. Duk da haka, babbar rigar da aka yi wa aikin hannu na Zariya har gobe ta fi ta inji kuɗi da daraja.

Bayan 'yancin kai a 1960 ma'aikata da sojoji da 'yan kasuwa daga arewa suka yawaita a Yawunde, kuma kowa yana son riga da jamfa irin ta gida. Kamfanin CICAM da aka kafa a 1965, mai saƙa a Garwa da buga zane a Duwala, ya sa atamfa ta wadata. A 1974 layin dogo ya kai Gaundare, sai kaya da mutane suka riƙa kwana ɗaya a hanyar da a da ake yin makonni. A wannan zamani ne layukan teloli da masu yadi na Birikiteri suka cika, kasuwar Mokolo da ke maƙwabtaka da mu ta zama inda ake neman zare, maɓalli, allura da kayan gyaran keke.

Baƙin kai: jikokin lamba 15

Bayan yaƙin duniya na biyu, Japan tana neman abin da za ta sayar wa duniya. Wa'adin mallakar fasahar Singer 15 ya riga ya ƙare, sai masana'antun Japan suka kwaikwaye shi, suka kuma daidaita girman sassansa, ta yadda ƙoshiyar da wannan kamfani ya ƙera za ta shiga keken wancan. Ƙasar Sin ta bi sahu. Butterfly, wanda muke cewa mai malam-buɗe-littafi, ɗan Shanghai ne, kamfaninsa kuma yana ƙirga asalinsa daga 1919. Indiya ta fito da Usha. Duk waɗannan baƙaƙen kawuna masu zanen ruwan zinariya jikokin lamba 15 ne, abin da ya sa mai gyara a Mokolo zai iya ciro kwarkwaro daga akwatinsa ya sa wa keken da bai taɓa jin sunansa ba, ya kuma zauna daram.

Kamaru da Nijeriya duk sun ƙulla hulɗa da Sin a 1971, daga nan kekunan Sin suka yi ta shigowa da araha. Wani abin sha'awa, a can Sin ɗin a shekarun 1970 ana lissafa abubuwa huɗu da gidan sabon aure ke buri: agogo, keken hawa, keken ɗinki da rediyo. Mu ma haka ya zama. Uban da ya isa yakan haɗa wa ɗiyarsa keke a cikin kayan ɗaki, tare da gado da kwalla da samira. Matar da ba ta fita kasuwa takan ɗinka wa 'ya'yanta, ta yi wa maƙwabta kalmasa, ta sami na adashi ba tare da ta tambayi kowa ba.

Haka na tashi na ga na mahaifiyata. Daga Garwa ya zo, rabi a mota rabi a jirgi, naɗe cikin bargo. Ba ta taɓa kiran kanta tela ba. Da shi ta ɗinka mana kayan makaranta, da labule, da rigar katifa, har da jakar da na fara zuba haja a ciki. Yana nan a ɗakin ƙanwata yana aiki. Abin da aka taɓa canza masa bai wuce bel da ƙoshiya da allura ba.

Iyaka, canji da gwanjo

Kowa a ƙungiyar nan ya san farashin kaya yana bin canji da halin iyaka, keken ɗinki ma haka. A Afrilun 1984 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Maris 1986. Daga 1986 darajar naira ta yi ta faɗuwa, sai ya zama mai riƙe da sefa ya fi samun sauƙi idan ya sayo a Kano ko Onica. Kekuna suka riƙa biyo atamfa ta Banki zuwa Marwa, ta Mubi zuwa Gidar, ta Yola zuwa Garwa, wasu ta Ikom da Ekok. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya koma sefa 100 maimakon 50, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya ninka kuɗi. Daga nan kasuwar kayan da aka yi amfani da su ta buɗe sosai. Gwanjon tufafi ya cika Mokolo, ya rage wa teloli ciniki ta wani gefe, ya kuma buɗe musu aikin rage wando da gyaran riga ta wani gefen. Tare da dilolin gwanjo, tsofaffin kekunan gidajen Turai suka riƙa sauka a Duwala da Kwatano: Pfaff na Jamus, Bernina na Suwizalan, da tsofaffin Singer. Daga baya rikicin Boko Haram ya toshe hanyar Banki na tsawon shekaru, rikicin yankunan masu Ingilishi ya wahalar da ta Ekok, ga kuma rufe iyakar da Nijeriya ta sake yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020.

A tsawon wannan lokaci keken da kansa ya canza. Kamfanoni suka koma yin jiki da roba ko sanholo don rage nauyi da kuɗi, wasu haƙoran cikin injin ma na roba. Kamfanin Singer na asali ya karye a 1999, sunan ya koma hannun wasu masu jari, waɗanda daga baya suka haɗa shi da Pfaff da Viking a ƙarƙashin kamfani ɗaya. Wato sunan da ke jikin kwali yau ba lallai ya nuna masana'antar da kakanninmu suka sani ba. Ga kuma masu jabu, waɗanda ke buga kowane suna a jikin ƙarfen da bai nuna ba.

Ni ma an taɓa yi mini. Lokacin auren ɗiyata na ga ya kamata ta sami na zamani, fari tas, mai zane iri-iri, kwalinsa yana ta yabon ƙarfinsa. Na saye shi a wani shago a hanyar dawowa, ban ko zauna na gwada ba saboda mota na jira. Ana saura kwana kaɗan salla ta sa shadda ninki huɗu, wani abu ya yi ƙas a ciki, keke ya tsaya. Mai gyara ya buɗe ya nuna mini haƙorin roba ya rabe biyu. Muka zagaya Mokolo, muka aika Duwala, ba a sami irinsa ba. A keken kakarta ta ƙarasa kayan sallar yaranta. Tun daga ranar na daina sayen keke a rufe.

Wanne za a kai gida?

Maganata a nan kan keken gida ce, wanda uwargida ko yarinya ko dattijon da ya ajiye tafiye-tafiye zai riƙa taɓawa don sha'awa da buƙatar iyali. Iri uku ne a gabanmu.

Na farko baƙin kai, na hannu ko na ƙafa. Ɗinki miƙaƙƙe kawai yake yi, amma yana yin sa da kyau a kan atamfa, shadda, kaki, har jins idan an sa allurar da ta dace. Ba ruwansa da ɗauke wuta, kuma idan ana so ana iya ɗaura masa ƙaramin moto a baya. Kayan gyaransa suna kowace kasuwa daga Yawunde har Maraɗi. Ga yawancin gidajenmu, shi ne amsa.

Na biyu na lantarki mai zigizag, wanda ke yin gidan maɓalli, ya kame bakin yadi, ya ɗinka yadi mai talewa. Yana da amfani ga mai son ɗinkin yara da na zamani. Sharaɗinsa shi ne ƙashin cikinsa ya zama ƙarfe, a kuma tabbatar akwai mai gyaransa da kayansa a garin da za a kai shi. Rubutun “mai ƙarfi” a jikin kwali magana ce ta mai talla, babu ma'aunin da ya tilasta ta. Yawan zane ma kada ya ruɗi kowa: mai ɗinkin gida zai shekara bai wuce miƙaƙƙe da zigizag da gidan maɓalli ba.

Na uku na masana'anta, irin Juki da Brother da ke shagunan telolinmu. Irin su Juki DDL-8700 suna iya kai ɗinki 5,500 a minti ɗaya, alhali na gida bai cika wuce 1,000 da 'yan kai ba. Kansa kaɗai ya haura kilo 25, ga tebur da moto, ga kaskon mai a ƙarƙashi. Na mai neman abinci ne da ke zama a kansa daga safe zuwa dare. A ɗakin aure sai ya cinye wuri, gudunsa kuma ya tsorata mai koyo. Wanda ke son ɗinka fata ko tamfol kuwa, wannan ma ba nasa ba ne, akwai kekuna na musamman na dukawa da masu kujeru.

Idan an tsai da shawara, ga abin da za a yi a gaban mai sayarwa kafin a ƙirga kuɗi:

1. A ɗaga shi. Baƙin kai na gaske ya haura kilo 10. Idan ya zo hannu sakayau, a yi tambaya.
2. A kwantar da kan a duba cikinsa ta ƙasa. A ga sandunan ƙarfe ne masu santsi, babu tsatsa, babu tsaga, babu alamar walda.
3. A juya wili da hannu a hankali. Ya tafi sumul ba tare da ya cije a wani wuri ba. A kama sandar allura a girgiza, kada ta yi lilo.
4. A tafi da ƙyalle daga gida. A ɗinka tsohon jins ninki huɗu ko shida, nan take a bi da yadi mai laushi falle ɗaya. Keken kirki zai wuce duka biyun, bai tsallake ba, bai tattare ba.
5. A juya ƙyallen a dubi bayansa. Zaren sama da na ƙasa su yi daidai, babu kumbo ko ɗaya. A gwada gajeren ɗinki da dogo, a gwada komawa baya idan yana da shi.
6. A ciro kwarkwaro da allura a tambayi mai kayan gyara na kusa ko yana da irinsu. Allurar keken gida gindinta yana da gefe ɗaya a shafe, ta irin waɗannan na masana'anta kuwa zagayayye ne, ba sa shiga wa juna. Lamba 14 ta isa atamfa, 16 ko 18 na jins da kaki.
7. Idan na lantarki ne, a karanta farantin moto. Wutarmu 220 ce. Gwanjon Amurka 110 yake ci, idan aka soka shi kai tsaye motonsa zai ƙone.

Wanda ba shi da ido a kan waɗannan, ya ɗauki tela ko mai gyara ya biya shi ladan rakiya. Kuɗin shayin da za a ba shi bai kai asarar keke guda ba. Tsohon keke da ya ci wannan jarrabawa ya fi sabon da ya faɗi, da tsohuwar zuma ake magani.

Sai ɗauko shi. Baƙin ƙarfen nan yana jure aikin shekara hamsin, amma faɗuwa ɗaya daga kan mota tana iya tsaga shi, kuma idan ya tsage ya tafi. A raba kai da tebur, a cire allura, a sauke takalmi a kan ƙyalle, a naɗe kan da bargo ko katifa, kada a yarda kwandasta ya sa shi ƙarƙashin buhuna. A riƙe rasiɗi, a bayyana shi a duwan yadda yake, don kada a tsai da dukan kaya saboda keke ɗaya.

Riƙonsa kuma ya danganta da gari. A Yawunde damina biyu muke yi, laima ce abokiyar gabarsa: a rufe shi, a nisanta shi da bango mai tsattsafo, a riƙa juya shi ko ba a ɗinki. A Marwa da Kano ƙurar hunturu ce, a riƙa share haƙora da gidan ƙoshiya. Ko'ina kuwa, man keke fari kaɗai za a ɗiga masa. Man gyaɗa da manja suna daskarewa su zama danƙo, kekuna da yawa da ake cewa sun mutu wannan ne kawai ciwonsu, kananzir da haƙuri suke buƙata.

Amanar da ke wuyanmu

Abin da ya sa Singer ya mamaye duniya shi ne wakilinsa ba ya ɓacewa bayan an biya kuɗi. Iyayenmu da suka kafa sunan Hausawa a Birikiteri ma da irin wannan suka kafa shi: mutum ya ba ka saƙo daga Bertuwa ko Banyo, ka kawo masa abin da kai ma za ka yarda ka ajiye a ɗakinka. Wanda ya ba ka kuɗin keke sau da yawa bazawara ce da ta sayar da akuyarta, ko uba da ya yi shekara yana tari. Idan keken ya mutu a wata uku, kai za a tuna, ba wanda ya ƙera shi ba, kuma da kai za a haɗa sunan ƙungiya.

Saboda haka ina roƙon shugabanninmu abu uku a wannan biki. Kowane reshe ya rubuta sunayen masu gyaran keke amintattu na garinsa, a ajiye a ofis don mai buƙata. A ɗauki nauyin wasu daga cikin yaranmu su koyi gyara a hannun dattawan Mokolo tun suna da ƙarfi, domin yawancinsu sun manyanta kuma magada sun yi kaɗan. Sannan duk mai tsohon keke a gida ya dubi lambar da ke jikinsa ya rubuta, ya tambayi tsofaffi wa ya kawo shi, ta wace hanya, a wane zamani. Lambar Singer tana nuna shekarar da aka ƙera shi, labarin hanyar kuwa sai a bakin iyayenmu mata, kuma tarihin fataucinmu ne.

Sayen nagari, mai da kuɗi gida. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya tsare matafiyanmu a kowace iyaka, ya sa albarka a kasuwa, ya maimaita mana wannan taro cikin lafiya da zumunci. Amin.